Shawara da Yarda: Bakin Membobi a Mulkin Ikilisiyar Katolika

In aka zo kan Ikilisiyar Katolika a darasin tsarin mulkin ikilisiya, ɗalibai da yawa sukan gama maganar da jimla ɗaya: Paparoma yana bisa, bishop yana ƙarƙashinsa, firist yana ƙarƙashin bishop, jama'a kuwa nasu su ce amin su ba da baiko. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Faston da zai zauna gari ɗaya da Fada, su haɗu a taron CAN, su tsaya bakin kabari ɗaya ranar jana'iza, ya kamata ya san yadda gidan maƙwabcinsa yake tafiya fiye da haka. Ban da wannan ma, tambayoyin da Katolika suke kokawa da su shekara sittin ke nan su ne za su tarye ka ranar da aka ba ka ikilisiya: wa yake da baki in za a yanke magana, wa yake ganin littafin kuɗi, wa kuma zai iya tambayar shugaba har ya amsa.

Mu daidaita kalmomi biyu tukuna. Dokar Katolika ta raba masu baftisma gida biyu. Akwai naɗaɗɗu, wato waɗanda aka ɗora wa hannu: bishop, da firist wanda jama'a suke kira Fada, da dikin. Sai sauran masu bi duka, waɗanda a nan za mu kira membobi. Katikis memba ne, shugabar Zumuntar Mata memba ce. Har Sista ma, ko da ta yi wa'adin keɓe kanta duk ranta, ba a ɗora mata hannu ba, don haka a batun iko tana gefen membobi.

Daga zamanin da zuwa Batikan ta Biyu

A ƙarnonin farko jama'a suna da baki sosai. Sipriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, wanda aka kashe saboda bangaskiya a shekara ta 258, ya rubuta wa dattawansa cewa tun da ya hau aiki ya ƙudura ba zai yi kome bisa ra'ayinsa kaɗai ba, sai da shawararsu da kuma yardar jama'a. A shekara ta 374 mutanen Milan suka ɗaga murya suka ce gwamnansu Ambros suke so ya zama bishop, alhali ko baftisma ba a yi masa ba tukuna, aka kuwa yi yadda suka ce. Daga baya sarakunan Turai suka sa hannu cikin zaɓen, sai ya koma wurin manyan firistoci, a ƙarshe ya tattaru a Roma. Yau doka ta ce Paparoma ne yake naɗa bishop. Jakadansa a ƙasar yana iya neman ra'ayin waɗansu membobi in ya ga dama, amma ɗaya ɗaya kuma a asirce.

Babbar Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ita ce ta sāke buɗe maganar. A takardarta a kan ikilisiya, mai suna Lumen Gentium, ta Nuwamba 1964, an sa babin Jama'ar Allah kafin babin bishop-bishop. Da gangan aka yi haka. Ma'anarsa baftisma ta riga naɗi: mutum yakan zama ɗan jama'ar Allah kafin ya zama bishop, kuma bai daina zama ɗaya daga cikinsu ba don an ba shi sanda. Takardar ta ce membobi suna da izini, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su faɗa wa shugabanni ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar ikilisiya.

Shawara dabam, yarda dabam

Majalisa manufa take faɗa. Sai an buɗe kundin doka ake ganin abin da ya iso hannun mutane. Kundin da ake aiki da shi yanzu Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ne ya fitar da shi a Janairu 1983, da dokoki 1,752. Doka ta 212 ta ɗauko wancan izinin faɗin ra'ayi ta mai da shi hakki. Amma doka ta 129 ta ce ikon mulki na naɗaɗɗu ne, membobi kuwa suna iya taimakawa wajen aiki da shi. Iyakar wannan taimako ita ce masanan dokar Katolika suke gardama a kai har yau.

Dokar da nake so ɗalibi ya riƙe da kyau ita ce ta 127, gama ita ce mabuɗin sauran. Ta bambanta abu biyu. Akwai inda doka ta ce shugaba ya nemi shawara, akwai inda ta ce sai da yarda. In shawara ce, dole ya tara mutanen ya ji su; in bai ji su ba, abin da ya yi bai halatta ba. Amma bayan ya ji, yana iya yin akasin abin da suka ce, ko da yake dokar ta gargaɗe shi kada ya saɓa wa bakinsu, musamman in ya zo ɗaya, sai da dalili mai ƙarfi. Wa zai auna ƙarfin dalilin? Shi kansa. In kuwa yarda ce, to, hannunsa a ɗaure yake. Muddin suka ce a'a, magana ta tsaya.

Yanzu mu auna majalisun da membobi suke zama a ciki da wannan mudu. Majalisar aikin kiwo ta dayosis, wato yankin da bishop yake mulki, ana kafa ta ne in hali ya nuna bukata; bakinta shawara ce kawai; bishop ne yake kiranta, shi ne yake bayyana abin da aka tattauna, in kuma ya mutu ko aka sauya masa wuri ta rushe. Ta faris, wato ikilisiyar da Fada yake kula da ita, sai in bishop ya ga ya dace a kafa. Fada ne shugabanta, ita ma shawara kawai. Majalisar kuɗi ta faris dole ce bisa doka ta 537, amma aikinta taimakon Fada ne, shi ne kuma yake wakiltar faris a duk wata harkar shari'a.

Wuri ɗaya ne ka ga haƙori: majalisar kuɗi ta dayosis. Doka ta 492 ta wajabta wa kowane bishop ya kafa ta, da aƙalla mutum uku waɗanda suka ƙware a harkar kuɗi da dokar ƙasa, aka kuma shaide su da riƙon amana. Shekara biyar biyar suke yi. An hana sa dangin bishop har zuwa mataki na huɗu, na jini ko na aure. Bisa ƙidayarsu wannan ya fitar da ƙanensa, da ɗan 'yar'uwarsa, da ɗan kawunsa, da matar wansa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gini ya san dalilin wannan ba sai an gaya masa ba. Majalisar ce take shirya kasafin shekara, ita take duba lissafi a ƙarshenta. In bishop zai sayar da kadara mai daraja fiye da iyakar da taron bishop-bishop na ƙasar ya yanka, ko zai yi wani babban abu da dukiya wanda ya wuce na yau da kullum, sai da yardarta. Doka ta 1292 ta ƙara wani abu mai hikima: kada su ba da shawara ko yarda a kan sayarwa sai an fara nuna musu ainihin halin asusun da abin da aka riga aka sayar a baya. Yardar wanda aka ɓoye wa lissafi sa hannu ne kawai.

A ganina wannan tsari ne mai kyau, ya ma fi abin da yake rubuce a tsarin mulkin waɗansu ɗariku da suke taƙama da ƙuri'a. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: bishop ne yake zaɓen mutanen da za su iya ce masa a'a.

Lissafi yana hawa, da ƙyar yake sauka

Kada a ce bishop ba ya ba kowa lissafi. Kowace shekara biyar yana aika wa Paparoma rahoton dayosis, ya kuma je Roma da kansa. Fada yana ba bishop rahoton kuɗi kowace shekara. Matakalar tana nan, amma sama take kallo. Mai kallon ƙasa ita ce sashe na biyu na doka ta 1287, wanda ya ce masu riƙon dukiya su ba masu bi lissafin abin da suka bayar, sai dai ya bar yadda za a yi a hannun dokar kowane yanki. Shi ya sa za ka sami faris da yake liƙa lissafi a ƙofar coci kowane wata, ka sami wani da ba a taɓa yi ba.

Abin da ya faru a Limburg ta Jamus ya nuna inda ruwa yake shiga. A Jamus gwamnati ce take karɓa wa ikilisiya harajin coci, akwai kuma majalisu masu membobi a ciki da suke duba yadda ake kashe shi. Amma kujerar bishop tana da nata asusu dabam, wanda mutane kaɗan ne suke gani. Bishop Franz-Peter Tebartz-van Elst ya gina sabon masauki da ofisoshi. Kuɗin da aka fara ambata Yuro miliyan 5.5 ne, sai ga shi ya kai wajen miliyan 31. Paparoma Francis ya janye shi daga dayosis a Oktoba 2013, ya karɓi murabus ɗinsa a Maris 2014, bayan kwamitin bincike ya gano an ɓoye ainihin kuɗin an kuma kewaye masu dubawa. Majalisa tana nan a takarda duk wannan lokaci. Bayan wannan kunya dayosis da dama a Jamus suka fara buga lissafin dukiyarsu. Na Kolon ya bayyana a 2015 cewa yana da Yuro biliyan 3.35.

Na Boston a Amurka ya fi muni nesa, gama can rayukan yara ne. A Janairu 2002 jaridar Boston Globe ta fara buga labarin wani firist, John Geoghan, wanda fiye da mutum 130 suka zarga da lalata da su suna yara. Shugabanni sun sami ƙorafi a kansa, suka riƙa ɗauke shi daga wannan faris zuwa wancan ba tare da sun gaya wa iyaye ba. Kotu ce ta sa aka buɗe takardun. Kadinal Bernard Law ya yi murabus a Disamba na wannan shekara. A watan Yuni bishop-bishop na Amurka sun riga sun taru a Dallas sun kafa ƙa'idojin kare yara, da hukumar membobi da za ta duba ko ana bi. Shugabanta na farko, Frank Keating, gwamnan Oklahoma a lokacin da aka naɗa shi, shekara ɗaya kawai ya yi ya sauka bayan ya soki waɗansu bishop-bishop a fili da ɓoye-ɓoye. Hukuncin da aka tsara a Dallas kuwa firistoci da dikinoni ya shafa, bai hau kan bishop ba. Wannan giɓi ya fito fili a 2018, sa'ad da asirin Kadinal Theodore McCarrick ya tonu, har aka tuɓe shi daga firistanci a Fabrairu 2019.

Rufin asiri da rufa-rufa

A nan sai mu yi hankali, domin harshenmu zai iya ruɗe mu. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, har addu'a muke yi wa juna da shi. Mun kuma san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Makiyayin da ba ya iya riƙe maganar da aka kawo masa da hawaye bai cancanci aikin ba. Katolika sun fi kowa tsanani a nan: firist ba ya tona abin da ya ji wurin furta zunubi ko da za a kashe shi.

Shugabannin da suka riƙa sauya wa masu laifi wuri, da yawansu sun gaya wa kansu rufin asiri suke yi, suna kare sunan ikilisiya daga abin kunya. Tambayar da take raba abu biyun ita ce: wa ake rufa wa, wa kuma yake biyan kuɗin rufin? In ka rufa wa gwauruwa asirin cewa ikilisiya ce ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta, ka kāre marar ƙarfi, ba wanda ya cutu. In ka rufa wa ma'aikacin da ya taɓa yarinya, ka tura shi wani ƙauye da takardar shaida mai kyau, ka kāre mai ƙarfi, yarinyar ƙauye na gaba ce za ta biya. Na farkon rufin asiri ne, na biyun rufa-rufa. Bulus ya ba Timoti ka'ida mai fuska biyu a 1 Timoti 5:19-20: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu, amma wanda aka tabbatar yana zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Mu shugabanni mun fi haddace ayar farko.

Gyaran da aka yi, da wanda ya rage

A Mayu 2019 Francis ya fitar da doka mai suna Vos estis lux mundi. Ta wajabta wa kowane dayosis ya buɗe hanyar kai ƙara da kowa zai iya samu, ta wajabta wa firistoci da Sista su kai rahoto, ta hana a rufe bakin mai ƙara, ta kuma tsara yadda za a binciki bishop kansa. Sai dai babban bishop na lardin ne yakan jagoranci binciken. Yana iya ɗaukar ƙwararrun membobi su taimake shi, amma ba a tilasta masa ba. A Disamba na wannan shekara aka cire hatimin asirin Paparoma daga shari'un lalata da yara.

A Batikan kanta, Majalisar Tattalin Arziki da aka kafa a 2014 tana da kujeru 15, bakwai na membobi ne, a 2020 kuwa shida daga cikin bakwai ɗin mata aka ba. Sabon tsarin ma'aikatun Batikan na 2022 ya ce kowane mai baftisma yana iya shugabantar ma'aikata, a Janairu 2025 kuma Sista Simona Brambilla ta zama mace ta farko da aka ba irin wannan kujera. Mu lura da dalilin da aka bayar: ikon ma'aikatar na Paparoma ne, aronsa ake yi. An buɗe ƙofa, amma mabuɗin yana hannun da yake tun da.

Babban taron sinod da aka fara a 2021 ya ƙare a Oktoba 2024. A zamansa biyu na Roma an ba mutum 70 da ba bishop ba ƙuri'a, mata 54 kuma suka jefa ƙuri'a, abin da ba a taɓa yi ba. Takardar ƙarshe ta yarda a fili cewa ikilisiya ta riƙe al'adar ba na sama lissafi, amma ba jama'a lissafi sai an farfaɗo da shi. Ta kafa hujja da Ayyukan Manzanni 11, inda masu bi a Urushalima suka tuhumi Bitrus kan shiga gidan Karniliyus, shi kuwa bai ce su wane ne ba, ya zayyana musu labarin daki daki. Ta nemi a mai da majalisun nan dole, a sāke duba kalmar nan ta shawara kawai, a riƙa buga rahoton kuɗi kowace shekara wanda odita na waje ya duba in da hali. Amma ta ce ikon yanke magana yana nan wurin bishop. Francis ya karɓi takardar yadda take, ya rasu a Afrilu 2025. Aikin aiwatarwa ya faɗa zamanin Leo na Goma Sha Huɗu, an kuma sa Oktoba 2028 don babban taron duba abin da aka yi.

Kada kuma mu ɗauka duk inda jama'a suka ɗaga murya Ruhu Mai Tsarki ne. A Disamba 2012 aka naɗa Peter Okpaleke bishop na Ahiara a Jihar Imo. Firistoci da membobi da yawa na ƙasar Mbaise suka ƙi shi, domin daga Anambra ya fito. Bai taɓa samun shiga ya kama aiki ba. A Yuni 2017 Francis ya ba firistocin kwana 30 kowa ya rubuto takardar biyayya, duk da haka a Fabrairu 2018 Okpaleke ya yi murabus. Daga baya aka ba shi Ekwulobia, ya zama kadinal a 2022. Masu ƙin sun ce ba a ji bakinsu ba, ga kuma ɗimbin firistocin da ƙasarsu ta haifa. Masu sukarsu sun ce ƙabilanci ne tsagwaronsa. Ina ganin duka biyun suna ciki. Inda ba a buɗe wa mutane ƙofar magana da wuri ba, sukan zo su rufe ƙofar coci, a lokacin kuwa mai gaskiya da mai son zuciya sun riga sun cakuɗe. Wanda ya taɓa ganin rigimar sauyin fasto a gunduma ya san wannan ba ciwon Katolika kaɗai ba ne.

A gidanmu fa?

Laifi tudu ne. A yawancin ɗarikunmu dattawa suna da ƙuri'a, akwai ma'aji da sakataren kuɗi, ana karanta rahoto a taron shekara. A takarda yarda muke da ita, ba shawara kawai ba. Amma ma'ajin da ya sa hannu a cek goma ba a rubuta kome a kai ba don zai yi tafiya, yardarsa ta zama me? Rahoton da aka karanta da sauri ƙarfe biyu na rana, bayan sujada ta awa huɗu, ba a raba wa kowa kwafi ba, wa ya ji shi? Akwai kuma wanda in ya tambayi kuɗin gini sai wa'azin Lahadi mai zuwa ya zama kan Kora da Datan.

Waɗansu sukan kawo 2 Sarakuna 12:15, inda ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan Haikali ba saboda amincinsu. Su karanta surar daga farko. Shekaru firistoci suna karɓar kuɗi gyara bai yiwu ba, sai da aka huda akwati aka ajiye a fili, magatakardan sarki da babban firist suna ƙirgawa tare. Bulus kuma, da zai kai gudummawa Urushalima, bai ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Wannan ɗan'uwa ba Bulus ne ya zaɓe shi ba, nan ne kuwa ya wuce doka ta 492.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemi tsarin mulkin ɗarikarsa. Ya ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce a nemi shawara, ya ja biyu inda aka ce sai da yarda, ya rubuta a gefe wanda yake zaɓen masu yardar. Sa'an nan ya nemo sashen da ya faɗi inda memba zai kai ƙara in shugaban majalisar ne da kansa ake ƙara, ya zo da lambar sashen, ko ya zo ya gaya mana babu.